Mai Walda da Ɗankwalin 'Yarsa

A layin jiran likitan ƙashi yake zaune, ƙaton mutum, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin walda. Kusa da shi 'yarsa ce, ba za ta wuce sha biyar ba, hannunta na dama rataye a wuya. Na ji yana gaya wa nas cewa kafaɗar ta sake gocewa wajen ƙwallon hannu, yanzu ko miƙa ta yi sai ta fita.

Ya ce tuni likita ya ba su zaɓi: a yi ƙananan huji a ɗinke abin da ya yage, ko a buɗe a ƙara ƙashi ya tare gurbin. "Ɗaya ɗinki, ɗaya walda," in ji uban, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai ɗankwalinta ya zame. Za ta ɗaga hannu, ya yi caraf ya riƙe. Ga shi yana ɗaura mata a karkace, kamar mai ƙulle buhu. Ban ga uwa tare da su ba.

"Baba, ka mai da ni tsohuwa."

"Yi haƙuri, uwata. In an gyara, kya ɗaura abinki."