Siliki da mai riƙe ta a kan ƙanƙara

Shekara bakwai ke nan da aka kai Silke makwancinta a bayan birnin Paris, amma har yau in na shiga gidan ƙanƙara na nan Lyon, sanyin ya bugi haƙorana, sai in waiga ina neman ta. Bajamushiya ce, matar yayana Sani, uwar Mariama da nake riƙo. Kafin duk wannan ƙawata ce, kuma ta daɗe tana shiga gasar rawar ƙanƙara da sunan ƙasarta. Bana na ɗauko alƙalami ne don wata magana ta taso a gidanmu wadda ita kaɗai ta san kanta, ga shi ba ta nan. Sani ya ce Mariama ta daina rawa da namiji.

Ga wanda bai taɓa gani ba, rawar ta mutum biyu ce, mace da namiji, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa suna bin kiɗa, alƙalai na zaune suna ba da maki. Wani lokaci namijin ya ɗaga macen sama yana juyawa da ita. Ni ma da na zo daga Damagaram karatun gyaran gaɓoɓi, ban san akwai wannan sana'a a duniya ba. Ranar da aka tura ni koyon aiki wurin masu rawar na tsaya baki sake, na ce a raina wallahi Turawa ba su rasa abin yi. Silke ce ta farko da aka miƙo min, gwiwa a kumbure suntum. Ta ce in matsa, kar in ji tausayi. Na matsa, ta zage ni da Jamusanci, na rama da Hausa, muka fashe da dariya. Kafin shekara ta zagayo muna ɗaki ɗaya.

Daga wani ɗan ƙaramin gari ta taso, ta zo Lyon ita da abokin rawarta Uwe saboda a nan masu koyarwar da suke so suke. Ba zan yi wa matacciya ƙarya ba, ba ta taɓa zama ta ɗaya ba. A gasar ƙasarsu takan zo ta biyu ko ta uku, kullum akwai wasu biyun da ke gabansu, kuma sau da yawa gurbin fita babbar gasa ɗaya ne tak. Suna cikin haka aka sauya yadda ake ba da maki, suka koma koyon abin da suka ɗauka sun iya. Ta taɓa fita gasar Turai, ta dawo ba lamba, amma tana ta murna wai ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce mata, yanzu duk wannan wahalar don kar ki faɗi ne? Ta ce to ke me kike tsammani?

Sani ya gan ta ne a ɗakinmu, ya zo daga Aubervilliers, can gefen Paris, inda yake fataucin kaya, da sunan ya kawo min kilishi. Kilishin ya yi ta zuwa har na gane ba don ni ake kawo shi ba. A lokacin mahaifiyarmu Hajiya tana gidansa a unguwar La Courneuve ana duba mata ido. Ita ce ta kasa faɗin Silke ta mai da shi Siliki, Uwe kuma ya koma Uwaisu, haka sunayen suka bi su.

Hajiya ta sha ganinsu a talabijin, kullum tare, hannunsa a ƙugunta, mai sharhi yana ta faɗin “kupul”, kalmar da ita ta sani ta miji da mata. Don haka da Sani ya sunkuyar da kai ya ce Siliki yake so ya aura, ba ta yi faɗa ba, ba ta kawo zancen ƙabila ba. Sai dai ta tambaya a natse ko Uwaisu ya sake ta, in kuwa ya sake ta, ta gama idda? Ni aka sa fassara. Silke ta yi dariya har da hawaye, sai kuma na ga dariyar ta tsaya, don a watan nan ne gwiwar ta ƙi, suka yanke shawarar barin gasa. Ta ce in gaya wa Hajiya ba mijinta ba ne, bai taɓa zama saurayinta ba, amma rabuwar da zafi, don tun suna yara yake ɗaga ta sama, kuma kanta bai taɓa bugun ƙanƙara ba.

Hajiya ta juya maganar a ranta, ta ce, “To ai wanta ne. Wanda ya riƙe yarinya haka bai yar ba, shi zai ba da ita.”

Mahaifin Silke ya rasu, ba ta da ɗan'uwa namiji. Haka aka yi kuwa. Ranar ɗaurin aure a wani ɗan masallaci na unguwar Belleville a Paris, Uwaisu ya zauna tsakiyar 'yan kasuwa cikin babbar rigar aro da ta tsaya masa a gwiwa, aka tambaye shi, ya ce “na bayar” da Hausar da na yini ina cusa masa. Har yau tsofaffin wurin in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar waliyyin Siliki.

To Sani, mutumin da aka yi duk wannan a gabansa, shi ne yau yake cewa a'a. Na ji haushinsa ƙwarai, amma na san inda abin ya fito. A zamanin Silke ba wanda ke gani a can gida Damagaram. Yanzu kowa da waya a hannu. Wani ya ɗauki Mariama a wata ƙaramar gasa, abokin rawarta Théo ya ɗaga ta, hoton ya zagaya dangi har Damagaram, kawunai suka yi ta kiran Sani suna tambaya ko yana da rai. Yarinya ta kai sha biyar. Ya ce ta ci gaba ita kaɗai, tunda yanzu akwai gasar masu rawa su kaɗai. Mariama ta ce in haka ne gara ta rataye takalman. Na faɗa masa gatsau cewa uwarta ma haka ya same ta. Ya ce waccan matarsa ce, wannan 'yarsa ce, in bar haɗa su.

Da Silke na nan, me za ta ce? Na yi ta juya tambayar nan, kuma ban isa in rantse ba. Mutane na ɗauka za ta goyi bayan 'yarta kai tsaye. Ni da na sha matsa mata gwiwa na san ba ta ɗauki rawar nan abin wasa ba. Ta san yunwar da ake sa 'yan mata don su yi sauƙin ɗagawa, ta san idon da ake bin jikinsu da shi, ta taɓa ce min 'yarta ba za ta taka ƙanƙara ba. Ita ɗin ce kuma ta sayo mata takalman farko, ana tsaka da jinyar ciwon da ya tafi da ita. Ina son in san yadda za ta ji ta ga rawar da ta yi a gaban alƙalai yau ana yi mata hukunci a wayar wani kawu da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin lemo. Wataƙila ta yi dariya, wataƙila ta kira shi ta wanke shi tas da gurguwar Hausarta.

Abu ɗaya na tabbata, ba za ta yarda a yanke magana daga nesa ba. Ko kaya za ta saya sai ta taɓa da hannu. Wannan halin nata na ara, na ce wa Sani ban hana shi ikonsa ba, amma ya hau jirgin ƙasa ya zo ya gani da idonsa, in ya so ya faɗa wa 'yarsa a fuskarta. Sai a nan ya furta abin da na daɗe da sani, cewa bai taɓa shiga gidan ƙanƙara ba, ko a zamanin Silke. A da cewa yake sanyi ne ke hana shi.

Ya zo ranar wata Asabar da hantsi, ya zauna can baya, hannu cikin aljihu, fuska a ɗaure. Yaran na gwada wata sabuwar ɗagawa da ba su gama iyawa ba. A waya abin kamar runguma yake. A kusa kuwa kana jin wuƙa na kankare ƙanƙara, kana jin nishin yaron, kana ganin kan yarinya na wucewa dab da ƙasa da gudu. Ban san sanda Sani ya baro kujerarsa ya iso bakin shinge ba. A gwaji na gaba ƙafar Théo ta ɗan goce, hannunsa ya sassauta, Mariama ta karkata.

“Kai yaro, riƙe ta da kyau!”

Da Hausa ya faɗa, da ƙarfi har mai koyarwar ta juyo. Yaron ya tallafe ta, suka sauka lafiya, suka sulalo bakin shinge suna haki.

Silke ba ta bar kofi ko ɗaya da za a nuna ba, rigunan gasar ma mun raba. Abin da ya rage nata shi ne taurin kan nan, da na gani tsaye a gaban yayana cikin takalman ƙanƙara, gumi na zuba, ido cikin ido. Théo ya tambayi Mariama da Faransanci me babanta ya ce. Ba ta ɗauke ido daga kan uban ba ta amsa masa.

“Ya ce mu ci gaba.”

Sani ya fi ni jin Faransanci. Na ga ya buɗe baki, ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ja mayafin wuyansa ya koma ya zauna, wannan karon a layin gaba. Allah ya kai haske kabarinki, Siliki.