Bushira Mai Tazargade ta Damari

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Bushira a shekarar 1961 a ƙauyen Damari, ƙasar Birnin Gwari. Mahaifinta shi ne Malam Nu'umanu mai magani, mahaifiyarta kuwa Hajjo. A hannun mahaifinta ta san tazargade, ganyen nan mai tsananin ɗaci da ake jiƙa wa mai zazzaɓi ko mai tsutsar ciki. Bayan ta sauke Alƙur'ani ta kammala firamare, ta koyi aikin jinya a Kaduna.

Aure da Aiki

A 1982 aka ɗaura mata aure da Mu'azu, direban motar haya a hanyar Kaduna, ta kuma kama aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu. A 2006, wajen wata bita a Zariya, ta ji cewa sabbin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro daga wani ɗan'uwan tazargade aka tato su, wanda masu maganin ƙasar Sin suka daɗe suna amfani da shi. Ta samo irinsa ta shuka a bayan gida. Sai dai ba ta taɓa ruɗin kowa ba. Takan ce, "Ganyen nan yana sassauta zafin jiki, amma idan yaro ya fara shiɗewa, allura yake buƙata. Mai juna biyu kuma kada ta kusance shi."

Shekarun Fitina

A 2018 'yan bindiga suka hallaka mijinta a kan hanya. Daga nan zirga-zirga ta yi wuya, magani ya yanke, aka rufe asibitin. Abin da ya rage mata shi ne ganyen bayan gida. A daminar 2021 da yawa sun sha sun tashi, amma yara da dama sun cika a hannunta, har da jikarta Ummi.

A 2022 'yan bindigar suka ɗauke ta zuwa daji domin ta yi jinyar iyalansu. Alice Gideon, wadda aka tsare su tare, ta shaida cewa da ta tambaye ta dalilin da ya sa take kula da 'ya'yan waɗanda suka kashe mata miji, sai ta amsa, "'Yata, jaririn nan bai kashe kowa ba."

Rasuwa

Zazzaɓin ya kama ta a can cikin watan Agusta, ya hau mata kai, babu allura. Allah Ya yi mata rasuwa tana da shekara sittin da ɗaya. Aka ajiye gawarta a bakin daji, manoma suka tsince ta, aka yi mata sutura a Birnin Gwari, domin Damari ba ta shiguwa a lokacin.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Habibullahi, da Aminatu, da kuma autanta Munzali, wanda ya shiga dajin domin nemanta kafin labarin rasuwar ya iso. Har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Allah Ya jiƙanta.