Na Sayar da Muryar Kakata Ban Sani Ba

A lokacin ina ɗaliba a Yelwa, ina haya a wani ɗan ɗaki tare da ƙawata, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar tsohuwar laftof da yayana ya bar mini. Nawarta ta isa: sai in kunna ta, in ɗora ruwan shayi, in dawo tana nan tana tunani. Amma a cikinta nake adana muryar kakata. Duk hutu nakan je wajenta a Zungur, in ɗauki waƙoƙin da take yi wa shanunta da Fulatanci lokacin tatsa, tana tsokanata wai jikarta ta zama 'yar birni, ko ƙwarya ba ta iya riƙewa. Ta rasu ina shekarar ƙarshe, Allah ya jiƙanta.

Ƙawata ce ta ce in sa wa laftof ɗin sabuwar ma'adanar bayanai, wadda ake kira SSD, za ta koma gudu kamar sabuwa. Ta kwance mini tsohuwar ma'adanar, na sa a jaka na hau keke zuwa wani shago a cikin gari. Mai shagon ya tambaye ni ina laftof ɗin, ya ce ya kamata a duba irin wadda za ta shige ta. Na ce masa ai duk ɗaya ne. Ya ce idan na bar masa tsohuwar zai rage mini farashi, kamar yadda suke yi wa kowa, ya kuma tambaya ko na kwashe abubuwana. Na ce komai yana gida, don a zatona waƙoƙin a jikin laftof ɗin suke. Da na dawo, sabuwar siririya ce, laftof ɗina kuwa mai faɗi take ɗauka, babu ma inda za a soke ta. Nan ƙawata ta gane abin da na bari a shago, ta dafe kai, ta ce ai waƙoƙin duk a cikin tsohuwar ma'adanar suke. Kafin in koma an goge ta, an sayar.

Har yau abin yana ci mini rai. 'Yan'uwa, ku tafi da na'urarku a duba kafin ku saya, kuma kada ku ba da tsohuwar ma'adana sai kun kwafe komai. Yanzu 'yata takan ce in rera mata waƙar shanu, in fara, in tsaya a rabi, kuma babu wanda zan tambaya sauran.