Ranar da Randar Lakwal Ta Fashe

Kakata Iya Gambo ba ta faɗa da kowa, da tatsuniya take dukan mutum. Da hantsi tana tuyar ƙosai a bakin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a Dakoro, bayan isha'i kuma mu kewaye murhunta, mu miƙa ƙafafu kusa da garwashi. Sai ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata!" Ni ke zama a gaba, don ni ce 'yar lelenta, kuma na san da haka.

Ina aji huɗu malaminmu Mushe Salisu ya ba ni riƙon moɗa. Randa ɗaya ce tal a gindin iccen bedi, da an buga ƙarfen rekreyasiyo, wato fita shan iska, sai a yi layi, mai moɗa ta ɗiba wa kowa. In faɗa ya tashi, ita ake tambaya wanda ya fara. Kai, na ji daɗin sarautar nan!

Wata rana na bar ƙawata Rabi ta shiga gaban Tamu, wata 'yar Buzaye mai shiru da ke takowa daga zangonsu. Tamu ta ce layinta ne. Rabi ta hankaɗe ta, suka cakume, randa ta kife ta fashe. Mushe ya iso da bulala ya ce, "Hadiza, wa ya fara?" Na ce Tamu, ko ƙyafta ido ban yi ba. Ta yi gwiwa a rana har aka koma aji, ko kurɓi ba ta sha ba. Iya na bakin kaskonta tana kallon komai.

Da muka zauna a daren, ta ce an yi shekarar fari, rijiya ɗaya ta rage wa namun daji, suka ba balbela tsaronta saboda fararen kayanta. Balbela ta bar kura ta shiga gaban 'yar akuya. Akuya ta yi magana, kura ta kai mata bangaza, rijiya ta rufta. Zaki ya tambayi balbela mai laifi, ta nuna akuya da baki, aka kore ta da ƙishinta.

Ƙanena Sani ya ce, "Sai mi, Iya?"

Ta ce, "Ni ma nan na tsaya. Ƙarshen na wurin balbela. Hadiza, ɗiyata, ko ke kin san shi?"

Na ce barci nake ji. Ta rufe wuta da toka, ba ta ce ƙurunƙus ba.

Wallahi na yi niyyar gaya wa Mushe gaskiya. Kullum sai in ce gobe, tsoron a karɓe moɗa ya hana ni. Kafin sati ya zagayo Tamu ta daina zuwa. Aka ce ubanta ya ce bai kawo ɗiyarsa a gasa ta a rana ba. Da damina ta faɗi suka yi arewa da dabbobinsu.

Yau ni ma madam ce mai koyarwa a wata lakwal wajen Ɗan Gulbi. In yara sun cakume a rekreyasiyo, ba na tambayar mutum ɗaya. Inuwa nake kai su, kowa ya sha ruwa tukuna, sannan in ji daga bakin kowa. Abokan aiki na ce mini na cika sanyi. Su yi ta faɗa, ba su san abin da ke cina ba.

A ciwon ajalin Iya na zauna bakin tabarmarta, na riƙe hannunta na ce, "Iya, balbela ƙarya ta yi."

Ta dube ni ta ce, "Wanga na san shi tun rannan. Amma ɗiyata, ba ni ce akuyar ba."

Har yau duk ranar kasuwar Dakoro sai na ratsa ta wajen masu raƙuma ina cigiyar Tamu. Ban samu wanda ya san ta ba.