Karyar Kaka da Maganin Auduga

Jiya maƙwabcina ya yi feshi a hawasharsa, wato gonarsa ta auduga, iska ta kwaso warin maganin har cikin rumfata. Na ajiye kofin shayi, ban iya ƙarasa shi ba. Bari in gaya maka dalili, don na daɗe ina ɓoye shi.

Ina yaro a ƙauyenmu na yamma da garin Managil, kakata tana da wata jar karya mai tsare mata awaki. Idanun kaka sun yi rauni, karyar ce ke sanar da ita in dila ya matso. Wata shekara, bayan damina ta ɗauke, kaska ta cika wa karyar kunnuwa da wuya. Ta rame, tana ta susa har jini.

Ranar kasuwa kaka ta ɗaura mata igiya ta miƙa mini. Ta ce, "Maigidana, kai ta wurin baiɗari, likitan nan mai duba shanu. Ka ce ni na aiko ka."

Na kama hanya. A wajen gadar tur'a, babbar magudanar ruwan gonaki, na tarar da sa'o'ina suna wanka. Ɗaya ya ɗaga murya: "Kai ango, ina za ka kai amarya? Likita ba ya taɓa najasa!" Suka fashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na juya.

A bukkar babana akwai gwangwani mai sauran maganin feshin auduga. Na sha ganin yadda yake zubar da tsutsa, na ce kaska ma ai ƙwaro ce. Ban ko sirka shi da ruwa ba. Na shafa wa karyar a kunne, a wuya, a ciki. Tana kaɗa wutsiya, tana lasar hannuna.

Kafin la'asar jikinta ya kama rawa, kumfa na zuba daga bakinta. Ta mutu a gindin aduwa, idonta a kaina.

Kaka ta ce, "Me baiɗarin ya yi mata?"

Na ce allura ya yi mata.

Ta shafa kaina. "Kai dai ka yi naka. Allah ya yi maka albarka."

Da rani ciwo ya shiga awakinta. Babana ya roƙe ta a kira likitan, ta rantse mai wannan allurar ba zai taɓa dabbarta ba. Ina tsaye ina ji, ban buɗe baki ba. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, muka ja su bayan gari. Har ta bar duniya, sunan likitan nan a bakinta shi ne makashi.

Yanzu akwai shagon maganin dabbobi a kasuwa, mutane suna kai kare da kyanwa ba mai yi musu dariya. Ni kuwa na tsufa ina neman gafarar mutum biyu, ba wanda zan samu a cikinsu. Likitan ma ko fuskarsa ban taɓa gani ba.