Kaskon Gidan Levavasseur

Shekara ashirin da shida Anatole Levavasseur yana alƙalancin gasar teurgoule a ƙauyensu na yankin Normandi. Teurgoule kuwa shinkafa ce da madara da kirfa da ake gasawa a kaskon ƙasa. Da ma tsohon mai raba wasiƙu ne, bai iya komai ba sai cika baki. Ranar gasa zai yafa alkyabbar ƙungiyar masu shirya gasar, ya rataya lambar tagulla, ya bi kasake yana yatsina. Na wannan ya yi ruwa, na waccan kuma ɓawonsa bai yi duhu ba. Odile mai kiwon shanu kaɗai ya kayar da ita sau tara.

Abin da yake taƙama da shi kaskon kakarsu ne, wanda ake buɗe biki da shi kowace shekara. Amma yayarsa Fernande ce ke haɗawa, shi nasa ɗauka da karɓar tafi.

Ana saura kwana uku biki, Fernande ta zame a garke ta karye a hannu. Ta ce ya zauna ta gaya masa yadda ake yi. Gogan ya hura hanci, wai shi da ke koya wa gari za a koya wa? Ya auna shinkafa, ya tafasa madara, ya kai gidan burodi bayan an kwashe gashin safe, lokacin da tanderu ya fara hucewa. Duk wannan ya sha gani.

Sai dai ko yaron goye a yankin ya san in kasko ya shiga, sa'a shida ba mai taɓa shi. Anatole kuwa ya ja kujera ya zauna da ludayi. Bini-bini ya buɗe, ya juya, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Mai burodi yana kallo bai hana shi ba, don shi ma Anatole ya taɓa kayar da matarsa a gasar.

Abin da ya fito fari ne fat, tsululu kamar kunun jinya, ba ko alamar ɓawo. Dole ya kai shi gaban jama'a, domin ba a buɗe biki da wani kasko. Odile ta leƙa, ta tambaye shi cikin ladabi ko ɗan maraƙi aka dama wa.

Da yamma ya koma gida ya ɗora wa tanderu laifi, ya ɗora wa madarar bana. Fernande ta bari ya gama.

"Sau nawa ka juya?"

"Ban bar shi ya huta ba, Yaya. Ni ba malalaci ba ne."

"Shekara arba'in kana zaune a kicin ɗin nan kana jiran a zuba maka," in ji ta. "Ka taɓa ganin ludayi a hannuna?"

Ya yi ta tunani, ya kasa tunawa. Bai taɓa kallon hannunta ba.