Ranar da Salisu Maigadi Ya Danna Jiniya

Salisu mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim, amma shekararsa ashirin da ɗaya yana gadin ƙofar wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Ba shi da yawan magana. Rediyonsa ce ke surutu a madadinsa, kullum tana kan benci 'yan siyasa na zagin juna a ciki. In an tambaye shi jam'iyyarsa sai ya ce, "Wadda ta sauko da masara." Har yau bai samu ta shiga ba.

Shi ya nema wa ƙanwarsa Saudat aiki a wurin bayan rasuwar mijinta, tana tsince robar da za a niƙa. 'Ya'yanta huɗu a Panshekara, ba su da kowa sai ita.

Ranar da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, a ransa yana tare da masu fitowar, don shi ma gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Amma da hantsi, da ya leƙa titi, ba masu kwalaye ya gani ba. Hayaƙin taya ya turnuƙe, ga samari da gorori da adduna suna fasa shagunan bakin hanya. Ya gane wasunsu. Su ne ake lodawa a mota lokacin kamfe, a ba su ƙwaya, bayan zaɓe a watsar. Yana kallo suka jawo wani direban tirela ƙasa, suka yi ta jibgarsa har ya daina kare kansa.

Manaja ya taɓa ce masa in ya ga tashin hankali ya danna jiniya. Sai ya danna.

Abin da manaja bai tuna ba, shi ma Salisu bai tuna ba. A kamfanin nan jiniya abu ɗaya take nufi, wato an tashi aiki. Ƙarar inji kuwa ba ta bar kowa ya ji abin da ake yi a waje ba. Ma'aikata suka kashe inji, suka wanke hannu, suka nufi ƙofar baya da suka saba fita, wasu har da murnar an sallame su da wuri. Mata ne a gaba, don su ke rige-rigen samun a-daidaita-sahu.

Ihunsu ne ya gaya wa Salisu abin da ya yi.

Ya zagaya a guje, takalminsa ɗaya ya fita. Ya tarar an rutsa matan a lungu, ana fizge wayoyi da jakunkuna. Wata ta faɗi ana bi ta kanta. Saudat na jingine da bango, jini na zuba daga kafaɗarta, ta ƙanƙame jakarta, wani dogo mai jan ido ya sake ɗaga adda.

"Ku koma ciki!" Salisu ya daka tsawa, ya shiga tsakaninsu.

"Baba, matsa. Ba da kai muke ba."

"Ƙanwata ce. Marayu gare ta."

"Mu ma marayun ne, tsoho. Matsa na ce!"

Addar ta sauko. Salisu ba shi da sanda, ba shi da komai, sai ya tare ta da hannun hagu. Bai ji zafi ba a lokacin, ya dai ji ƙas, ya ga yatsunsa uku a ƙasa cikin turɓaya. Wani ya narka masa gora a haƙarƙari. Da hannun dama ya cafi wuyan hijabin Saudat ya ja ta a ƙasa kamar buhu, ana dukan bayansa, har cikin ƙofa. Lawal mai kula da injin niƙa ya danno ƙofar ya zura sakata.

Kwananta tara a asibiti kafin ta gane mutane. Ta rayu, sai dai hannun da aka sari kafaɗarsa ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Salisu na zaune a gefen gadon da nasa hannun a naɗe ta buɗe ido ta dube shi.

"Yaya, wane mara imanin ne ya tashe mu a wannan lokaci?"

Ba wanda ya gaya mata. Lawal ma tuni ya ce wa Salisu ya bar zancen, ƙaddara ce.

"Ni ne," in ji Salisu.

Can ta ce, "To, sai ka je Panshekara ka gaya wa yaran nan ina nan da raina. Da bakinka, Yaya, kada ka aiki kowa."

Ya miƙe a hankali saboda haƙarƙarin, ya fita neman mota.